Zakara Mai Rawayar Ƙafa

Ni da Babayo danga ɗaya ce ta raba gidajenmu a unguwar Hausari, kuma shekara ashirin da wani abu ban taɓa kiran sa da sunan kirki ba. Sunana Abatcha. Kakana daga Borno ya zo da jakunan kanwa ya zauna a Potiskum. Shi kuwa Babayo Bafillace ne, shanu suka ƙare a hannun ubansa, shi ya koma ɗinkin hula a ƙofar gida. Ka san dai wasan da ke tsakanin Babarbare da Bafillace. Da safe in na fito zan tafi rumfata ta igiya a kasuwar shanu, sai ya ɗago kai daga hularsa ya ce ɓarawo ya fito, kowa ya ɗaure akuyarsa. Ni kuma in ce masa Fulata mai ƙafar kara, jiya tunkiyar wa ka kwance. Bayan magariba akushinsa da nawa a tabarma ɗaya suke sauka, a ƙofar zaurena. Ba ni da wa, ba ni da ƙane a garin nan. Zagin nan na safe da akushin nan na yamma su ne dangin da nake da su, kuma su na ɗauka na kai gaban mai unguwa saboda 'yan tsaki.

Abin ya faro da rani, shekara shida da dawowar sojojinmu daga yaƙin Bama. Wani malamin gona, Malam Basiru, mai keke da gajeren wando, ya sauke kwanduna a ƙofar mai unguwa. Zakarun Turawa ne a ciki, jajaye, ƙirjinsu kamar na agwagwa, ƙafafunsu rawaya kamar an shafa musu gangamau. Ya ce ba sayarwa ake ba, musanye ne. Ka kawo zakaranka na gida, a ba ka ja. Ya ce 'ya'yan da za su haifa za su fi namu nama, matan kuma za su fi ƙwai.

Mutane suka tsaya nesa suna leƙe. Wasu suka ce dabara ce ta ƙidaya kaji, baɗi a sa musu jangali kamar shanu. Wasu suka ce naman ba ya da ɗanɗano. Babayo ya ce shi ba zai ajiye zakaran da zai riƙa tashin sa sallar asuba a lokacin Ingila ba. Yana da kajin Fulani dogaye da ya gada wajen mahaifiyarsa, marigayiya Inna Baraka, ya ce ko an haɗa masa da keken malamin ba zai gauraya su da baƙon jini ba.

Ni ma ban yarda da kyautar gwamnati ba. Na ɗaga zakara ɗaya na juya shi, na buɗe bakinsa, na duba ƙarƙashin fiffike ko da ƙuma, na tambayi Malam Basiru sau uku ko akwai takardar da zan dangwala wa hannu. Ya ce babu. Da na ji nauyin abin a hannuna sai zuciyata ta kwanta a kansa. Na koma gida na kamo durgun zakaranmu na kai.

A gidana kaji na matata ne, Bilkisu. Tun aurenmu take kiwon su, kuma ban taɓa sa mata baki ba. Inna Baraka ce ta ba ta sagara ɗaya da muka tare, duk kajin gidan daga tsatson wannan sagarar suka fito. Amma da zakaran gwamnati ya shigo sai na ce daga yau harkar kaji ta dawo hannuna. Bilkisu ta dube ni, ta dubi zakaran, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tankaɗenta.

Zakaran ya yi kwana uku yana rakuɓewa, daga nan ya zama sarki. In an buɗe akurki da safe ba a sake ganin sa sai yamma. Ya bi bola, ya bi bayan masallaci, ya kori duk wani zakaran unguwa da ya ɗaga masa wuya. Tsohon zakaran Babayo da kansa sai da ya koma kwana a kan rumbu. Ina jin daɗin wannan, ina kuma faɗa wa Babayo a kan tuwo.

Da ruwan farko ya sauka, kazarmu wake-wake ta yi kwanci a kan ƙwai goma sha uku, ta ƙyanƙyashe goma sha biyu. Ban taɓa ganin 'yan tsaki irinsu ba. Manya ne, masu haske kamar audugar da ta sha hayaƙi, kuma duk ƙafarsu rawaya ce irin ta ubansu, alhali kajinmu na gida ƙafarsu baƙa ce ko toka-toka. Ranar kwana uku Bilkisu ta kawo aska ta yi musu alamar da take yi wa kajinta tun da can, ta datse kan farcen yatsan waje na ƙafar hagu. Sannan ta ɗauko ƙullin galura ja za ta jiƙa, wai ta rina su kamar yadda mata ke yi don kada shirwa ta gane su daga sama.

Na hana. Malam Basiru ya riga ya zo ya gan su, ya ce kada a shafa musu komai, a tsare su cikin waya sai sun yi gashi, kuma zai kawo Baturen gona ya gani da idonsa. Waya ba ni da ita, kuma kazar da aka tsare a akurki wuni guda ba ta yi wa kowa amfani. Saboda haka na sake su suna bin uwarsu a tsakar gida da bakin danga. Amma rini na ce a'a. Ba zan sa Bature ya zo ya tarar da 'yan tsakin gwamnati ja-ja kamar zanen amarya ba.

Na yi musu hidima. Kowace yamma sai in cusa busasshen kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, in yayyafa ruwa, in kife ta a bakin suri. Da sassafe in ɗauko ta cike da gara in zazzage musu. Tsakin gero nake ba su, ba dusa ba. Kaskon ruwansu ban bar shi babu ɓawon maɗaci ba, akurkin kuma na zuba masa toka.

Ranar kwana tara na dawo daga kasuwa na ƙirga, goma sha ɗaya. Bilkisu ta ce shirwa ce. Bayan kwana biyu, goma. Washegari, tara. Kullum maganar ɗaya, tana ɗaki ko tana madafa, ta ji uwar ta yi kururuwa, kafin ta fito an gama.

Ban yarda ba. An haife ni na tarar da shirwa a garin nan, na san ta ɗauki ɗaya ko biyu a ƙyanƙyasa guda. Ban san ta da bin gida ɗaya kamar mai karɓar haraji ba. Kuma ban ga gashi ba, ban ga jini ba. Na duba akurki ko akwai ramin gafiya ko sawun maciji, babu. Na faɗa wa Babayo a kan tuwo, sai ya lashe yatsa ya ce ai shi ne, yana zuwa da rana ya ɗauki ɗaya ya gasa, wai naman Turawa da taushi. Na yi dariya na ce Allah ya isa. Amma da na shiga gida maganar ba ta bar ni ba.

Sai na yi gwaji. Ranar Talata na ƙi zuwa rumfa, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ajiye sanda kusa da ni, na wuni ina tufkar igiya ina kallon sama. Ban ga ko inuwar shirwa ba. Yamma ta yi, tara suna nan tara. Washegari na tafi kasuwa, na dawo, takwas. Na ce wa Bilkisu wannan shirwar tata ta san ranar da maigida yake gida, ta san ranar da ba ya nan. Ta ce ai ko ita ce shirwa ba za ta sauko a kan ƙaton mutum da sanda ba. Na ce ta yi mini shiru.

Wa ya san fitata da dawowata? Mutum ɗaya ne yake zaune a ƙofar gida tun safe har la'asar da allura a hannu. Kuma a jikin dangar da ta raba mu akwai kafa, wadda Bilkisu da Habiba matar Babayo suke miƙa wa juna wuta da gishiri. Kaza tana wucewa ta nan, hannu ma yana wucewa.

Na fara lura da abubuwan da da ba na lura da su. Babayo ya daina zagin zakarana, ya koma tambaya ta saura nawa. Wata rana na ga ya sayo tsakin gero a kasuwa, shi da kajinsa ba su san komai ba sai tonon bola. Wata rana kuma da na ambaci zuwan Bature sai ya yi murmushi kawai. Ko sallamar da yake yi mini na riƙa juya ta ina neman abin da ke ƙarƙashinta.

Da suka koma biyar, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na zama magidanci. Na jira Bilkisu ta tafi gidan suna, na durƙusa a gindin danga na leƙa gidan wani ta kafa. Na san abin kunya ne, matar mutum tana ciki. Allah ya sa tana ɗaki. Abin da na gani shi ne doguwar kazar Fulani da 'yan tsaki tara a bayanta, duk an rina su da galura, jajaye zur. Babayo bai taɓa gaya mini kazarsa ta yi ƙyanƙyasa ba. Na zuba ido a ƙafafunsu, don rini ba ya kama ƙafa. Uku baƙar ƙafa. Shida rawaya.

Bakwai na rasa, ga shida. Na ce a raina na bakwai ɗin shi ne wanda ya ce ya gasa.

Duk da haka ban yi gaggawa ba, ni ba mutumin da zai tashi da zato kawai ba ne. Na ɗebo gara na zuba a bakin kafar ta wajena, na koma gefe. Ba a jima ba ɗaya mai rawayar ƙafa ya leƙo, ya shigo. Na kife shi da ƙwarya. Na ɗaga ƙafar hagu, na duba yatsan waje. An datse kan farcen, daidai inda Bilkisu ke datsewa.

Ranar ban fitar da akushi ba. Na aika cewa cikina ne. Ɗan tsakon na ɓoye shi a tukunya a ɗakina, ban gaya wa Bilkisu komai ba, don a lokacin har ita ban gama yarda da ita ba. Ita da Habiba bakinsu ɗaya.

Da hantsi na je zauren mai unguwa na ce ina da ƙara, a kira Babayo. Ranar akwai dattawa biyar ko shida a zaune. Babayo ya shigo da hular da yake ɗinki a hannu, allura a soke, ya gaishe da kowa, ya ce me Babarbaren nan ya sata kuma aka kira shi ya yi belinsa.

Na ce Babayo ɓarawo ne, ya sace mini 'yan tsaki bakwai.

Zauren ya fashe da dariya. Mai unguwa har da share hawaye da bakin rawani, ya ce mu kai wasanmu waje, shi yana da aiki. Babayo ya ce bakwai kaɗai na ƙirga, ai har uwar yana nan yana yi mata shiri. Shekara ashirin suna jin kalmar nan daga bakina, ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai. A nan Allah ya ba ni ƙofar fita. Da na yi dariya tare da su, da magana ta mutu a wurin.

Na zaro ɗan tsakon daga aljihun riga na ajiye a tsakiyar tabarma.

"Ba wasa nake ba," na ce.

Dariyar ta tsaya. Babayo ya dube ni. Ya zare allurar daga hular, ya soke ta a wuyan rigarsa, ya ninke hular ya sa a aljihu.

"Sake faɗa, Abatcha."

"Ba wasa nake ba. Ga rawayar ƙafa, irin zakarana ne, duk unguwar nan ni kaɗai ke da shi. Ga rini an yi don a ɓoye kamarsa. Ga alamar gidana a farce."

Mai unguwa ya ɗauki ɗan tsakon ya juya shi, ya miƙa wa na kusa da shi, aka zaga da shi. Kowa ya ga abin da na faɗa. Aka ce Babayo ya yi magana. Sai ya nemi izini ya fita, muka zauna ba mai kallon wani. Can sai ga shi da kaji biyu a hammata, uwar 'yan tsakin da wata tsohuwa da gashin wuyanta ya zube. Ya durƙusa gaban mai unguwa ya miƙa masa ƙafar hagu ta kowace. Duka biyun an datse musu kan farcen yatsan waje, kuma datsin ya tsufa, ya warke tun shekaru.

Ya ce alamar Inna ce. Haka take yi wa kajinta tun suna rugga, haka ta koya wa Habiba, haka kuma ta koya wa Bilkisu ranar da ta ba ta sagara. Ya ce rini kuwa a leƙa kowane gida a Hausari, in an sami 'yan tsakin da ba a rina ba da damina, to gidan Abatcha ne.

Wani dattijo ya tambaye shi rawayar ƙafar fa.

"Wannan sai a tambayi zakaransa inda yake wuni," in ji Babayo. "Tun rani yake haura mini danga. Ya kori nawa, ya ɓata mini irin Inna. Ban faɗa ba don kada maƙwabcina ya ji kunya."

Duk da haka sai da na ce to tsakin geron da ya saya fa. Ya ce masu rawayar ƙafar ba su iya tono ba, in ba a zuba musu ba sai su tsaya suna kallon uwarsu. Ni ma na san haka ne, nawa ma haka suke.

Mai unguwa ya yi mini faɗa mai zafi a gaban mutane, ya tambaye ni ta yaya ma na san abin da ke cikin gidan wani. Na sunkuyar da kai. Ya tambayi Babayo ko yana son a bi masa haƙƙinsa. Ya ce a'a. Ya ɗauki kajinsa biyu, ya bar ɗan tsakon a tabarma.

"Malam Abatcha, riƙe shi," ya ce. "Ɗan zakaranka ne."

Tun da nake da shi bai taɓa ce mini Malam ba.

Kafin la'asar an toshe kafar da sabuwar zana. Bilkisu ta ji labari a bakin mata kafin in iso gida. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da na tambaye ta inda ta samo alamar, da numfashi ɗaya ya ishe ta ba ni amsa. Ta ɗauki jan ɗan tsakon ta zagaya ta ƙofar gida ta mayar wa Habiba, ta dawo ta ajiye mini tuwo a zaure, na ci ni kaɗai.

Washegari na je na same shi na ce na yi kuskure, ya yafe mini. Ya ajiye ɗinki, ya miƙe tsaye, ya ba ni hannu biyu, ya ce ba komai wallahi, ya yafe duniya da lahira. Ya tambaye ni iyali, ya tambaye ni kasuwa. Haka ya riƙa yi kowace safiya. Ina kwana Malam Abatcha, an tashi lafiya, Allah ya ba da kasuwa. Na gwada ce masa Fulata mai ƙafar kara, ya yi murmushi ya ce Allah ya kiyaye hanya. Da ya kwaɗa mini sanda da ya fi mini sauƙi. Akushi kuwa bai sake fitowa ba.

Shirwar na gan ta bayan kwana huɗu. Ina zaune a cikin ɗaki, ba a tsakar gida ba, zazzaɓi ya hana ni fita. Uwar ta yi ƙara ta ruga gindin rumbu. Kajinmu na gida da sun ji wannan ƙarar sai su watse su lafe a ƙasa. Waɗannan suka tsaya a fili, masu haske a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, suna ɗaga kai. Ta sauko ta ɗauki ɗaya kamar an miƙa mata. Ko gashi bai faɗi ba.

Na kwashe huɗun da suka rage na zuba a kwando. Bilkisu ta ce galurarta tana nan, ba sai na je ko'ina ba. Na ce na sani. Na fita da kwandon na ajiye a gaban Babayo, na ce ina roƙon Habiba ta rina mini su, Bature ya zo ya ga abin da zai gani. Ya karɓa da ladabi ya shiga da su. Da ya fito da su kore ne shar, ba ja ba. Ya ce Habiba ta ce gara kore, don kada ido ya sake ruɗewa. Na duba fuskarsa ko da ɗan wasa a ciki. Ban samu ba.

Baturen bai zo ba har yau. Huɗun nan suka rayu, suka yi gashi, korensu ya zube. Wata biyu muna ina kwana Malam Abatcha.

Sai watan cika-ciki ya kama, lokacin da kowane gida ke yanka abin da ya samu a ci a ƙoshi, abokan wasa kuma su bi juna suna karɓar abin shara. Kowace shekara Babayo yakan tare ni a ƙofa ya ƙwace mini goro ko hula, ni kuma in kwance masa igiyar guga. Bana na fito da goro a aljihu na wuce ta gabansa sau biyu. Ya ce Allah ya maimaita mana.

Da yamma aka rufe akurki babu zakara. Na zaga bola, na zaga bayan masallaci, na tambayi masu awo a bakin hanyar mota. Ba wanda ya gan shi. Na dawo na tsaya a gindin danga. Ƙamshin miyar kaza yana tasowa daga gidan Babayo, amma ranar kowane gida haka yake. Na ce wa kaina, Abatcha, ka rufe bakinka.

Bayan magariba ina zaune a ƙofar zaure da akushina, sai na ji takun mutum. Babayo ne, da akushi a hannu. Ya zauna a inda ya saba zama, bai gaishe ni ba. Ya buɗe faifai. Tuwon gero ne da miya, nama ya cika ta, cinyoyi manya irin waɗanda kazar gida ba ta yi. A bisa tuwon, a tsakiya, an ɗora ƙafa ɗaya, an wanke ta tas. Rawaya.

Na dubi ƙafar, na dube shi. Yana wanke hannu a ƙwarya kamar ba abin da ya faru.

"Ya haura mini sabuwar danga," ya ce. "Na karɓi sharata. Sa hannu, Babarbare, kafin ya huce."

Zakaran nan shi kaɗai ne irinsa a unguwar, kuma Malam Basiru ya ce ba za a sake kawo wasu ba sai baɗi. Wannan karon ba zato ba ne, ga shaida a kan tuwo, ga mai laifi ya amsa da bakinsa. Zauren mai unguwa bai fi taku ɗari ba daga inda muke.

"Ɓarawo," na ce.

Ya tsaya da loma a hannu, bai kai baki ba.

"Wasa kake, ko ba wasa kake ba?"

Na ɗauki cinyar da ta fi girma na sa a gabana.

"Wasa nake, Fulata. Miƙo gishirin."

Waɗanda suka ce naman ba ya da ɗanɗano ƙarya suke yi. Muka ci har muka kasa tashi, yana ta gaya mini cewa zakaran gadon hali ya yi, duk abin da Babarbare ya kiwata sai ya iya haura danga. Da safe na ji Bilkisu da Habiba suna magana ta kafa, an janye zanar.

Bayan sati biyu Malam Basiru ya zo da kekensa da littafinsa, ya tambayi ina zakaran gwamnati. Na ce shirwa ta ɗauke. Ya dube ni, ya kwatanta girman zakaran da hannu biyu, ya ce wace irin shirwa ce wannan. Babayo yana gefe yana ɗinki, bai ɗago kai ba, ya ce ai shirwar Hausari sai wanda ya zauna da ita.